Kwanon Rifkatu

Tun da na dawo daga rakiyar Rifkatu bakina bai huta ba. Wadda ta kawo ɗinki sai ta ajiye atamfar a kan keke ta ja kujera, wai in ba ta labari. A Islamiyya ma ba a ƙyale ni ba. Hajiya Asabe har gida ta biyo ni, tana son ta ji ko gaskiya ne na hau dutse, ni da benen asibiti ke sa ni haki. To ga shi nan na rubuta gaba ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in yi ɗinkin mutane.

Ga wadda ba ta san Rifkatu ba, ita ce mai manja da citta da zuma, wadda rumfarta ke jingine da shagona a kasuwar Tudun Wada. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, daga wani ƙauye da ke gindin duwatsu can gaba da Kafanchan. Tun ina goyon Maryam muke maƙwabtaka, yarinyar da yanzu ita ma goyo take yi. Gidana kusa ne da kasuwa, ita kuwa daga Hanwa take zuwa, don haka kullum da azahar in an kawo mini abinci daga gida, tare muke sa hannu. Lokacin da aka yi mini aiki a asibiti, ita ta riƙa kwana a tabarma gefen gadona. Mijinta ya rasu, yara sun kama gabansu, tsohuwarta kuma ƙarfi ya fara ja baya, sai ta yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Ranar da take kwashe jarkokinta ta dube ni ta ce, "Binta, ba za ki raka ni ki ga inda aka binne cibiyata ba?"

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, gara in faɗa muku tun yanzu don ku ga ramin da na faɗa da idona biyu. Shekarun baya wani Alhaji mai sayen citta ya taɓa sauka a gidan su Rifkatu. Tsohuwarta, wadda kowa ke kira Mama, ta yanka masa kaza, aka kai masa abinci ɗaki, ya yi ta godiya. Da safe aka tarar da tuwon a bayan ɗaki kaji suna tsattsaga. Tun daga ranar Mama ta kafe a kan cewa Bahaushe ba ya cin abincin Kirista, sai dai ya yi maka murmushi ya zubar. Da Rifkatu ta gaya mata a waya cewa tare za mu zo, sai tsohuwar ta ce kada a wahalar da ita da girki. Rifkatu ta ce, "Mama, ba ki san Binta ba. Tawa za ta ci, a gabanki ma." Ashe zaman da muka yi na shekaru duk ta ɗora shi a kan kwano ɗaya, ni kuwa ina can ina zaɓen mayafi.

A gida sai da aka yi muhawara. Ƙanwar maigidana ta zo takanas ta ce, "Kudancin Kaduna? A wannan zamanin? Yaya, kana ji kuwa?" Malam ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Da aka kwantar da ita a asibiti, ke kwana nawa kika yi a tabarma?" Maganar ta mutu a nan. Maryam kuma ta haɗa mini guzuri, dambun nama da cincin da ƙuli-ƙuli, jaka guda, kamar mai tafiya Makka a ƙasa.

Mota muka ɗauka shata saboda kaya: katifa, gado, tukwane, da injin markaɗen da Rifkatu ta ce ko ita ko shi. Na ɗinka mana anko na atamfa mai ruwan ganye. Muka bar Zariya da sassafe, ita a gefen taga tana kallon Tudun Wada har ta ɓace. 

Bayan mun wuce Kaduna shingayen sojoji suka fara yawa. A wani shingen wani soja ya leƙo, ya dube ni da hijabina, ya dubi Rifkatu da sarƙar gicciye a wuyanta, ya dubi atamfarmu iri ɗaya.

Ya ce, "Ku biyun nan mene ne haɗinku?"

Rifkatu ta ce, "Yayata ce, ranka ya daɗe."

Na ce, "Ƙarya take yi, ta girme ni nesa ba kusa ba."

Ta ce, "Dubi furfurarta fa, tana ɓoyewa ne a hijabi."

Sojan ya yi dariya har bindigarsa na rawa, ya buga bayan motar ya ce, "Ku je ku ƙarasa faɗan a gaba."

A Kachia muka tsaya na yi sallah. Garin duk ƙamshin citta yake, har atishawa na yi ta yi. Rifkatu ta sayi masara gasasshiya da atili, wasu 'ya'yan itace baƙaƙe da ake tsomawa a ruwan zafi su yi laushi. Ta miƙo mini na ce a'a, don ni in ina cikin mota cikina ba ya karɓar komai. Ku riƙe wannan, tun shayin asuba ban sa komai a bakina ba. Daga nan ƙasa ta fara sauyawa. Itatuwa suka yi tsawo, duwatsu suka matso kusa da hanya, masallatai suka ragu, coci-coci suka ƙaru. Babu wanda ya tambaye ni fasfo, amma na san na tsallaka wata iyaka, kuma ba zan ɓoye muku ba, gabana ya ɗan faɗi.

Gaba da Kafanchan muka bar kwalta. Ƙarshen damina ne, hanyar ta zama kunu. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe, direba ya yi ta ba ta wuta tana ƙara nutsewa. Sai ga wasu mata sun taso daga gona da fartanya a kafaɗa. Ba su jira an roƙe su ba suka ajiye kaya suka kama turi, suna waƙa da yarensu. Ni ina zaune a ciki na harɗe kamar amarya, sai da Rifkatu ta leƙo ta ce, "Hajiya, da ke da injin markaɗe ake turawa fa." Na sauko da sauri, ƙafata ta dama ta shige taɓo, ta fito babu takalmi. Takalmin fita unguwa ne, mai duwatsu. Wata daga cikin matan ta zura hannu har gwiwar hannu ta zaƙulo shi, ta ɗaga sama, suka yi ta shewa.

Da la'asar sakaliya muka isa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne gidan ba shi da zaure. Ɗakuna ne a zagaye da tsakar gida, da shingen ƙaya, ka ga kowa kowa ya gan ka. Na tsaya ina neman inda zan yi sallama, har mutanen gidan suka fito suka same ni a tsaye. Mama 'yar ƙaramar tsohuwa ce, siririya, idonta ƙyar. Na durƙusa har ƙasa in gaishe ta yadda aka koya mini, sai ita ma ta durƙusa. Na ƙara sunkuyawa, ta ƙara. Muka zauna a haka kowa na jiran ɗaya ta tashi, sai da Rifkatu ta kama mu ta ɗaga.

Ƙanen Rifkatu, Yohanna, shi ya nuna mini masauki. An share ɗakin tas. Ga sabuwar buta, ga sabuwar tabarma, ga wani zane da gawayi a jikin bango. Ya ce, "Nan ne gabas ɗinku, Anti. Na je rugar Fulani na tambayi Jauro, shi ya zo da kansa ya nuna." Karensu ma an ɗaure shi a bayan gida saboda ni, yana ta kukan rashin adalci. Wallahi abin ya taɓa zuciyata, na yi alwala na yi sallah ina sa musu albarka.

Bayan magariba aka kira ni tsakar gida. Na fito na tarar da gidan kaf a zaune, maza da mata da yara, har da wasu dattawa daga maƙwabta. An ajiye kujera 'yar tsugunno a tsakiya, a gabanta ga tuwon acca fari sol yana tururi, ga miyar gyaɗa da naman akuya. Yohanna ya miƙe kamar mai sanarwa a coci ya ce, "Anti, akuyar nan Jauro ne ya yanka da hannunsa. Tukunyar ma sabuwa ce, jiya Mama ta sayo ta." Mama ta jawo kujerarta ta zauna daf da ni, fuska da fuska, ta zuba mini ido.

Yanzu ku gaya mini, ku matan Zariya, wace ce a cikinku za ta iya? Ni da Inna ta rene ni a kan cewa mace ba ta tauna a gaban manya. Surukata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin loma a bakina ba. Malam kansa sai da na haihu na fara cin abinci a gabansa. A wajenmu baƙo ɗaki ake kai masa, a saki labule, a ba shi wuri, ya ci ya rage kaɗan don kada a ce mayunwaci ne. Ga yunwa tana cina, ƙamshin miyar nan har cikin kaina, amma hannuna ya ƙi tashi. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, Mama, a ƙoshe nake."

A Tudun Wada in baƙuwa ta faɗi haka, uwar gida cewa take, "Haba dai, ki ɗan taɓa," sannan ta sa a ɗauka a kai mata ɗaki. Shi nake jira. Sai na ji shiru ya yi yawa. Rifkatu ta ce a hankali, "Binta, ki ci mana." Na ɗan mintsine ta na ce, "Sai an jima." Mama ta dubi 'yarta, kallon da ban gane ba a lokacin. Ta miƙe, ta rufe kwanukan, ta ɗauke su da kanta. Dattawan suka yi sallama ɗaya bayan ɗaya. Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa ina sauraren takun mai kawo abinci, har barci ya sace ni ba wanda ya zo.

Ƙararrawar coci ce ta tashe ni bayan na koma barcin asuba, da muryoyin mata suna waƙa can nesa. Cikina kuwa kamar an yi yasa. Na jawo jakar Maryam na kwance dambun nama. Na cika baki ke nan aka ɗaga labule, sai ga Rifkatu da kofin kunu a hannu. Ta dube ni, ta dubi jakar guzurin a buɗe, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe kin karya." Ta juya da kununta. Na so in kira ta, bakina cike da dambu.

A gidan suna da wata al'ada. Duk wanda ya dawo daga zaman birni, sai uwarsa ta kai shi wurin ruwan da ke faɗowa daga kan dutse, ta wanke masa fuska da hannunta, sannan a ce ya dawo. Don haka da hantsi muka kama hanya mu uku. An ba ni aron takalmin roba na matar Yohanna da sanda. Mama ce a gaba, ta goya kular abinci a baya da zani kamar jariri. Tsohuwar da aka ce ƙarfinta ya ja baya, ni dai ƙeyarta kawai nake hangowa.

Muka ratsa gonakin citta da na masara, muka fara hawa. Hanyar 'yar siririya ce, ƙafa ce ta yi ta, wani wurin sai ka kama saiwar itace ka ja jikinka. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya gaishe mu, gaisuwarsu gajeriya, ba irin tamu ba da sai an tambayi gida da yara da gajiya da kwanan baƙunta. Wani dattijo mai ɗauke da gorar zuma ya dube ni ya ce, "Sannu, Hajiya. Ki riƙa taka inda tsohuwa ta taka, ita dutsen ya sani." Muka shiga kurmi, rana ta ɓace, sanyi ya sauko, birai suna ta tsalle a sama suna jefo mana ɓawo.

Abin da ya dame ni ba hawan ba ne. Rifkatu ce. Matar da a kasuwa muke kira gidan rediyo, tun da muka fito ba ta ce uffan ba. Na tsaya in huta a gindin wata bishiya, ashe a kan layin kwarkwasa na tsaya. Kafin in ankara sun hau ƙafafuna har cinya. Na yar da sanda, na cire hijabi, na yi rawar da ban yi ba ko a bikin Maryam, ina salati ina kiran sunan Inna. Da a Tudun Wada ne, Rifkatu sai ta yi mako tana kwaikwayona. Amma sai ta durƙusa ta cire mini su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mini hijabina, ta wuce gaba. Ko murmushi ba ta yi ba. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni.

Tun daga nesa muke jin rurin ruwan, kamar injinan niƙa da yawa sun tashi lokaci guda. Muka tsallaka wani rafi a kan gungumen itace, ni da rarrafe, muka zagaya wani dutse, sai ga shi. Ruwa fari fat yana zubowa daga can sama inda sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame, yana faɗawa cikin wani tafki, feshinsa yana tashi kamar hayaƙi. Na tsaya na ce Subhanallahi. Ni da na saba ganin ruwa a jarkar 'yan garuwa, ga shi nan yana ta zuba ba dare ba rana, babu mai tara ko bokiti.

A bayan ruwan akwai wani kogo, ana bi ta gefe a shiga, sai ruwan ya zama labule a gabanka. Mama ta shige ciki ta zauna can gefe. Ni kuwa dambun safe ya daɗe da ƙonewa. Na zube a kan dutse, na kamo zanin Rifkatu. Ƙarar ruwan ba ta barin a yi magana a hankali, dole sai da ihu, kuma ina ganin shi ya taimake mu.

Na ce, "Rifkatu, me na yi miki?"

Ta ce, "Ba ki yi komai ba."

"Rantse."

"Mu ba ma rantsuwa."

"To ba zan saki zanin nan ba, sai dai mu kwana a nan."

Sai ta zauna. Ta ba ni labarin Alhaji mai citta, da tuwon da kaji suka ci, da abin da ta gaya wa Mama a waya. Ta ce shi ya sa aka tara mutane, don tsohuwar ta ce ba za a sake kai wa Bahaushe abinci ɗaki ba, in zai ci ya ci a gani. 

Na ce, "Kunya ce fa, Rifkatu! Ke ba ki san mu ba? Duk zamanki a Zariya?"

Ta ce, "Na san kunyarku. Jiya haka na gaya wa Mama, na ce kunya ce, gobe za ta sha kunu. Na yi ta kare ki har ta gaji ta yi shiru. Da safe na shigo na same ki da naki."

"Yunwa ce ta sa!"

"Binta, tun muna goyo muke cin abinci a kwano ɗaya. Kwanon wa?"

Na ce, "Nawa."

"Kin taɓa sa hannu a nawa?"

Na buɗe baki in ce sau nawa, sai na rasa ko ɗaya. Duk Kirsimeti tana kawo mini shinkafa da kaza, in yi godiya in rufe in kai gida, yadda muke yi da abincin biki. Ina ci, Allah ya sani ina ci, har faɗa muke yi da yara a kan cinyar kazar. Amma ita ba ta taɓa gani ba. Ashe duk shekarun nan tana ɗauke da tambayar a ranta, ba ta taɓa yi mini ita ba don kada ta ji amsar da take tsoro. Ta share ido da bakin zani ta ce feshin ruwa ne. Ni nawa ban ɓoye ba, kuka na yi sosai.

Na miƙe da ƙyar, na taka santsin dutsen nan har gaban Mama, na durƙusa. Akwai maganar da tun ina yarinya ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Malam, don a gidanmu abin kunya ce. Na ɗaga murya yadda za ta fi ta ruwa na ce, "Mama, yunwa nake ji!"

Ta karkato kunne ta ce, "Me ta ce?"

Rifkatu ta matso ta ce, "Ta ce yunwa take ji."

Tsohuwar ta ƙare mini kallo. Ta ce, "Abincin Kirista ne fa."

Na ce, "Shi nake so."

Ta ce, "Ba a sabuwar tukunya na dafa ba, don ban sa rai da ke ba. Naman na jiya ne, yankan Jauro. Tukunyar kuwa tawa ce ta kullum, ba ta san komai ba sai acca da yakuwa."

Na ce, "Mama, ki buɗe kawai."

Ta kwance goyon, ta buɗe kular. Fate ne. Faten acca, da yakuwa da gauta da gyaɗa, da ɗuminsa. Jama'a, Bazazzagiya mai yunwa ta ga fate. Na yi bisimilla da ƙarfi, na karɓi cokali. Loma ta farko da ƙyar ta wuce, don idon tsohuwar nan yana kan bakina, kunnuwana har zafi suke yi, ina jin kamar Inna tana kallona daga kabari. Ta biyu ta fi sauƙi. Daga ta uku ban sake tuna kowa ba. Mama tana bin cokalin da ido, daga kula zuwa baki, daga baki zuwa kula. Ban rage na kunya ba. Na sa yatsa na suɗe gefen kular, na ajiye ta wayam.

Mama ta leƙa cikin kular, ta dubi Rifkatu, ta ce, "Namu ne fa mu biyu." Sai ta fashe da dariya, irin dariyar da ke sa tsoho riƙe ciki. Ta ce, "Ashe da ake cewa Zage-zagi da fate, ba sharri ba ne." Rifkatu ma ta kama, tana dariya tana kuka, can kuma ta miƙe ta fara kwaikwayon rawar da na yi wa kwarkwasa, har da kiran Inna. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba.

Daga nan Mama ta kai Rifkatu bakin ruwan, ta tara hannu ta wanke mata fuska, tana magana da yarensu. Na koma gefe don abin nasu ne. Sai na ji ta ce, "Ke kuma wa kike jira?" Ta kamo ni, ta wanke mini fuska da ruwan nan mai sanyin ƙanƙara, tafin hannunta kaushi kamar dutsen goge kaushi. Ta ce, "Ke ma kin dawo."

Saukowa ta fi hawa wuya, amma ban ji ta ba, don gidan rediyo ya dawo aiki. Su biyun da yunwa suka sauko, kuma duk wanda muka gamu da shi a hanya sai Mama ta tsayar da shi ta buɗe masa kular ya gani. Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Da yamma aka sake tara dattawan jiya, aka ɗumama tuwo, na zauna a tsakiya na ci a gaban kowa. Na roƙi a kwance karen ma, tunda ba shi ya yi laifi ba.

Sauran kwanakin ba na iya lissafa abin da na ci. Kowane gida sai an kira ni, kuma yanzu ba dama in ce na ƙoshi. Na ga mata suna noma kafaɗa da kafaɗa da maza, na ga surukai suna cin abinci a faranti ɗaya suna hira, abin da in aka yi a Tudun Wada sai an kira malamai. Su ma sun yi ta mamakin yadda ba na kiran sunan ɗana na fari. Ranar Lahadi da suka tafi coci, matar Jauro ta kawo mini nono muka zauna muna hira har suka dawo. Mun sake hawa wani dutsen inda ake hango garuruwa, amma wannan karon na duba ƙasa kafin in tsaya.

Ranar komowa Yohanna ya samo mini mota mai zuwa Kaduna. Mama ta cika mini buhu da acca da citta. Ni da Rifkatu mun yi alkawari ba za mu yi kuka ba, kuma duk mun karya. Mota ta tashi ke nan Rifkatu ta miƙo mini wani abu ta taga, ɗaure a ɗankwali. Kwanon samira ne tsoho, mai fure ja, gefensa ya ɗan fashe, cike da doya da nama. Ta ce, "Kwanona ne, ba kyauta na ba ki ba."

A Kachia da direba ya tsaya na kwance shi a kan cinyata. Motar cike take da maza, har da wani dattijo mai rawani a gefena. Na yi masa tayi, na ci abina.

Yanzu rumfar Rifkatu wani mai sayar da cajar waya ne a ciki, yaron kirki, amma ba ya magana. Da azahar in an kawo abinci har yau sai na matsa gefe a kan benci kafin in tuna. Kwanon yana nan a kan kabad, na wanke shi na kife. Malam ya ce in ba direban Kafanchan ya kai mata, na ce masa a'a. Mu a Zariya ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam, kuma abin da zan zuba a ciki, a gaban Mama za mu ci shi, ni da ita.